Kwana goma sha biyu ina gadin waya, wai "za mu kira ka"

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da yadda fuskata take yau, ba da ku nake ba wallahi. Sama da sati biyu ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu na turo min saƙo ko lafiya, to lafiya lau, intanet ɗin gidana ne ya mutu murus, ni kuma na zauna kamar wani maigadi ina gadin waya, wai kamfani zai kira ni. A Ingila fa! Ƙasar da kafin mu zo muke ɗauka in aka ce ƙarfe biyar to ƙarfe biyar ɗin ce.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Ranar wata Litinin na dawo daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba maman yara ta ce tun asuba akwatin intanet yake nuna jar wuta. Na kashe na kunna, na zare na mayar, ko gezau. Na kira kamfanin, aka sa min kiɗan nan nasu na jira, minti arba'in da wani abu ina riƙe da waya har kunnena ya yi zafi, wallahi yanzu ko a mafarki na ji kiɗan sai gabana ya faɗi. Can wata baiwar Allah ta ɗauka, ga ladabi ga taushin murya, ta ce in kwantar da hankalina ta tura maganar sashen gyara, cikin awa 48 za su neme ni. Na yi ta zuba godiya kamar kyauta ta ba ni, alhali fam 32 suke zara a asusuna kowane wata ba fashi, wannan kam ba su taɓa mantawa ba.

Talata shiru. Laraba shiru. Ni da wayata har banɗaki muke shiga tare, na ƙure mata ƙara, a wurin aiki ba a yarda da waya ba amma na cusa ta a safa. Alhamis na sake kira, wani ne daban ya ɗauka, na sake karanto masa labarin daga alif, ya ce ayya, gobe kafin biyar na yamma tabbas za a kira. Juma'a biyar ta yi, shida ta yi, aka yi isha'i, ko fulashin babu. Ana haka yara na aikin makaranta da datar wayata, fam goma goma nake ta ƙarawa tana tafiya kamar an huda tulu, gida kuma an kira ni ta bidiyo hoto na ta tsinkewa, Hajiyata na cewa ita dai murya kawai take ji ba ta ganin jikokinta. Wannan ya fi komai ci min rai. Mutum yana nesa dama ɗan wannan ganin fuskar ne yake rage zafi.

Litinin ta zagayo na kira karo na uku, aka ce to yanzu kam injiniya zai zo Laraba tsakanin takwas na safe da ɗaya na rana. Na nemi musanya a wurin aiki, na rasa kuɗin kwana guda, na zauna a falo ina leƙen taga, duk farar motar da ta gitta sai in miƙe. Har ɗaya da rabi ba kowa, ba kira, ba saƙo. Ana cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa, to ni dai na dafa nawa, romon ne ban gani ba.

Ranar Juma'a, kwana na goma sha biyu ke nan, na haɗu da wani dattijonmu da ya fi shekara talatin a ƙasar nan, bayan mun gaisa ya ce, "Kai yaro, me ya same ka ka yi zuru-zuru haka?" Na kwashe komai na faɗa masa. Ya saurara tsaf, sai ya ce, "To ka shigar da komfilen?" Na ce, "Baba ai sau uku ina kiransu." Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ɗana, kira daban, ƙorafi daban. Kai gaisuwa kake zuwa kana yi musu. Ina lambar ƙorafinka?" Na yi tsuru-tsuru, don ko sunan waɗanda na yi magana da su ban riƙe ba balle wata lamba. Rashin sani ya fi dare duhu jama'a, da digirina da komai, ni da nake ganin na waye a garin nan.

Abin da ya fahimtar da ni shi ne, wanda yake ɗaukar wayar nan sau da yawa ba shi ne zai kira ka ba, ɗan rubutu kawai yake yi a kwamfuta ya tura wani sashe, ya kashe ya ɗauki na bayanka, a rana Allah kaɗai ya san mutum nawa yake ji. In rubutun ya maƙale a hanya ba wanda zai ji ciwo sai kai. Amma da zarar ka furta cewa kana so a buɗe maka ƙorafi a hukumance, to an shiga wani babi, sai an ba shi lamba, an rubuta ranar da aka buɗe, kuma daga ranar ake fara ƙirga musu kwanaki. Akwai hukumar da ke sa ido kan kamfanonin waya da intanet a nan, Ofcom, ita ta wajabta wa kowannensu ya kasance ƙarƙashin wata cibiyar sasanci mai zaman kanta, guda biyu ne, Communications Ombudsman da CISAS, kuma kai kostoma ko sisi ba za ka biya ba in ka kai ƙara can. Lokacin da nawa ya faru ƙa'idar sati takwas ce, in suka cika ba a warware ba ka wuce can kai tsaye, ko kuma kamfanin ya ba ka takardar cewa iya abin da zai iya ke nan, wadda suke kira dedilok, da ita ba sai ka jira ba. Banki ma haka, sati takwas gare su su ba ka amsar ƙarshe, daga nan sai cibiyar sasancinsu, Financial Ombudsman Service. Ku duba fa, kwana goma sha biyu na ɓata a banza ban buɗe ƙorafi ba.

Da yammar na zauna da biro da takarda, na buɗe tarihin kira a wayata na kwafe ranaku da lokuta da tsawon kowane kira. Wani namiji ya ɗauka. Ban ɗaga murya ba, ko da yake Allah ya sani cikina tafasa yake. Na ce masa, ranar kaza an yi min alkawarin kira cikin awa 48 ba a kira ba, ranar kaza an ce kafin biyar ba a kira ba, ranar kaza an ce injiniya zai zo bai zo ba, yanzu ina so ka buɗe min ƙorafi ka ba ni lambarsa, sannan ka haɗa ni da manaja. Wallahi nan take muryarsa ta canza, kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi ya farka. Ya ce manaja na kan wani layin amma zai kira ni. Na ce a raina, af, an dawo gidan jiya. Na ce to na ji, amma faɗa min sunanka, da ranar da zai kira, da ƙarfe nawa, kuma ka turo min duk wannan ta imel yanzu ina kan layi, ba zan kashe ba sai na gani. Muna nan shiru shiru, ina jin ƙarar madannansa, sai ga imel ya faɗo.

Litinin da hantsi wata mata ta kira, ta ce ita ce shugabar sashen. Ta buɗe fayil ɗina ta yi ɗan jim, sai ta ce wai tun kiran farko an tura aikin wani sashen da ba nasa ba, shi ya zauna can ba mai taɓawa. Talata injiniya ya zo, wata waya ce ta saki a koren akwatin nan na wayoyin intanet da ke bakin titi, ko minti talatin bai yi ba ya gama. Minti talatin jama'a!

Yanzu in ka tambaye ni yaushe ya kamata mutum ya nemi manaja, ni dai ga inda na tsaya, wanda ya ga dama ya ɗauka. Kiran farko kar ka fara da "ba ni oganka", ba ka ba mutumin damar yin aikinsa ba, kuma in ka yi haka ko an haɗa ka da manajan abin da zai fara tambaya shi ne me na ƙasa ya ce maka. Ka bari su yanka wa kansu wa'adi da bakinsu, in ba su yanka ba kai ka sa su yanka, don "nan ba da jimawa ba" ba lokaci ba ne. In wa'adin ya wuce ka ƙara musu yini guda na aiki, ɗan adam ajizi ne, ka sake kira. To in aka sake saɓawa karo na biyu, nan ne wurin, kar ka jira na uku kamar yadda na yi. Sai dai in maganar kuɗi ce ana ta zara maka ba daidai ba, ko ɗumin gida ya mutu cikin hunturu ga yara ƙanana ko marar lafiya, wannan alkawari ɗaya aka karya ya isa, ba na ma jiran yinin.

Mu matsalarmu kawaici. An tarbiyyantar da mu kar ka cika naci, kar ka kai ƙarar mutum wurin na gaba da shi ka ja masa, ni har tausayin yarinyar farko nake ji, ina cewa kar in sa a kore ta. Ashe ba ruwanta, su kansu masu ɗaukar wayar wani lokacin sauƙi ne gare su ka nemi na sama, don akwai abin da ba su da ikon dannawa sai shi. Sannan ga wasunmu kuma da suka wuce gona da iri, na san wani abokina da in ya kira kamfani har maƙwabta sai sun ji, zagi ta uwa ta uba da Turancin da bai gama nuna ba, a ƙarshe a kashe masa waya ya dawo layi daga farko. An bar jaki ana dukan taiki. Kuma ku sani ana naɗar kiran nan, su da kansu suke faɗa tun kafin a ɗauka.

Maganar naɗa ta tuna min, wannan naɗin ba su kaɗai yake yi wa amfani ba. A dokar kare bayanai ta ƙasar nan kana da damar ka rubuta ka nemi bayananka da suke riƙe da su, har da muryar kiran in tana nan ba a goge ba, kyauta ne, kuma wata guda gare su su amsa. Ranar da wani ya ce maka "ba mu da shaidar an yi maka wannan alkawarin", ka tuna da wannan.

Wani gargaɗin kuma, ku kula da lambar da ba ta nuna suna. Ni da na saba in na ga ɓoyayyiyar lamba ba na ɗauka saboda 'yan damfara, to kamfanoni da yawa da irinta suke kira, ta yi ƙara sau biyu a katse, a rubuta "mun neme shi bai ɗauka ba", shi ke nan laifi ya dawo kanka. In kana jiran kira ka ɗauki komai, amma duk wanda ya ce ka karanto masa lambobin sirrin katinka ka kashe, ka kira lambar da ke jikin takardar bil ɗinka da kanka. In da 0800 ta fara kyauta ce ko daga wayar hannu, tun 2015 aka mayar da ita haka.

Sai abin da ya ɗan sanyaya min rai. Ashe tun Afrilun 2019 akwai tsarin biyan diyya kai tsaye da yawancin manyan kamfanonin intanet suka shiga, ba dukansu ba fa, ka duba naka. Da aka fara, fam 8 ne kowace rana in an wuce cikakkun ranakun aiki biyu ba a gyara ba, fam 25 kuma in injiniya ya saɓa alkawari, kuma ana ɗan ƙara kuɗin duk shekara. Ba sai ka roƙa ba, cikin kwana 30 ya kamata ya fito a bil ɗinka. Nawa ya fito jiya, har na ɗan yi wa maman yara kuri ina cewa kin ga aikin maza, ta ce ai da ba don Baba ba da har yanzu kana bakin taga. Na ƙyale ta.

Amma da na zauna na ƙirga kwanakin da yatsa, na sake ƙirgawa da kalanda, sai na ga kwana ɗaya ya yi ɓatan dabo a lissafinsu, kuma na datar nan da na yi ta saye ba wanda ya ce uffan. Lambar ƙorafina tana nan manne a jikin firij, da na sauke bidiyon nan zan rubuta wa shugabar sashen nan. Sai mun haɗu a na gaba in Allah ya kai mu.