Tafi ba ya biyan kuɗin gadon asibiti

Jama'a masu sauraro, a daren 7 ga Fabrairun 2023, Shugaba Joe Biden yana jawabinsa na shekara a gaban majalisar dokokin Amurka, sai ya ce akwai 'yan Republican da ke son wa'adin Medicare ya ƙare, wato shirin gwamnatin tarayya mai ɗauke wa 'yan shekara 65 zuwa sama kuɗin asibiti. Nan take zauren ya kaure da ihu, har 'yar majalisa Marjorie Taylor Greene ta Republican ta ɗaga murya ta kira shi maƙaryaci. Biden ya murmusa, ya ce to tunda haka ne, ashe kowa ya yarda ba za a taɓa shirin ba, a tashi a nuna wa tsofaffi goyon baya. Ɓangarorin biyu suka miƙe, aka yi ta tafi.

An tafa, an watse, lissafi kuwa yana nan inda aka bar shi.

Asusun Medicare da ke biyan kuɗin kwanciya a asibiti daga albashi yake samun kuɗi: ana yankar kashi 1.45 cikin ɗari daga ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ma ya zuba daidai haka. A da, kusan ma'aikata huɗu ne ke tallafe da mai cin gajiya ɗaya. Yau ba su kai uku ba, masu cin gajiyar kuma sun haura miliyan 65. Rahoton amintattun asusun na 2025 ya ce a 2033 ajiyar za ta ƙare.

Kowa ya san mafitar ba ta wuce uku: a ƙara haraji, ko a rage abin da ake biyan asibitoci da kamfanoni, ko a ɗora wa tsofaffin wani abu daga aljihunsu. Democrat sun fi karkata ga ta farko. Biden ya nemi a ƙara haraji kan masu samun sama da dala dubu 400 a shekara, maganar ba ta je ko'ina ba. Republican kuwa ba sa son jin kalmar haraji, sun fi yarda a bar kamfanonin inshora su yi gasa. A 1995, zamanin da Newt Gingrich ke kakakin majalisar wakilai, sun nemi rage dala biliyan 270 daga abin da Medicare zai kashe cikin shekara bakwai, Shugaba Bill Clinton ya hau kujerar na-ƙi.

Amma kada mai sauraro ya ɗauka ɓangare ɗaya ne mai tausayi, ɗayan mai rowa. Ga misalin da ni ba na mantawa da shi. Dokar lafiya ta Obama ta 2010 ta rage abin da Medicare zai kashe cikin shekara goma, adadin da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 716, akasari daga kason asibitoci da kamfanonin inshora. Da zaɓen 2012 ya zo, ɗan takarar Republican Mitt Romney ya riƙa yawo da wannan adadi yana cewa Obama ya wawushe kuɗin tsofaffi. To, wa ya ɗauka mataimaki? Ɗan majalisa Paul Ryan, wanda kasafin da ya rubuta da hannunsa ya riƙe wannan ragin bai mayar da ko sisi ba. Su ma Democrat ba su yi ƙasa a gwiwa ba, suka ce Ryan zai miƙa wa tsoho 'yar takardar tallafi ya sallame shi kasuwar inshora. Tabarmar kunya dai kowa da hauka yake naɗe tasa.

Haka aka yi da magani. George Bush ƙarami, ɗan Republican, shi ya shigar da kuɗin magani cikin shirin a 2003, ba tare da ware harajin da zai biya ba, dokar kuma ta hana gwamnati yin ciniki da kamfanonin magani. Sai a 2022 Democrat suka buɗe ƙofar cinikin, suka tsayar da insulin, maganin ciwon sukari, a dala 35 a wata. Ko ɗan Republican ɗaya bai jefa wa dokar ƙuri'a ba.

Me ya sa kowa ke noƙewa? Tsofaffin Amurka sun fi matasa fitowa zaɓe, ɗan siyasa kuwa ya san inda tuwonsa yake. Shi ya sa har Donald Trump ke rantsuwa ba zai taɓa Medicare ba, alhali a jam'iyyarsa ne Ronald Reagan ya yi suna, mutumin da tun 1961 yake gargaɗin cewa irin wannan shiri hanyar gurguzu ce.

Idan ba a yi komai ba, daga 2033 asibitin da ke bin asusun dala 100, dala 89 zai karɓa. Ba'amurken da aka haifa a 1968, wanda tun fara aikinsa ake yankar masa wannan kashi 1.45, a shekarar ce daidai zai cika 65 ya karɓi katinsa.