Keken Kurnish da keken lungu

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya leƙa Kurnish, wato titin bakin teku na Jidda, bayan la'asar ya ga masu keke, kowa da hular kwano, hanyarsu daban, mota ba ta kusantarsu. Can Riyad kuma ga katafaren titin wasanni da Sarki Salman ya ƙaddamar da aikinsa a watan Maris na 2019, mai tsawon kilomita 135. Madalla, ba mu raina ba. Sai dai wannan keken motsa jini ne, na mai hali, wanda kan ɗora shi a bayan mota ya kai shi bakin teku.

Wanda ya dame ni shi ne keken cikin unguwa. Yaron da uwa ta aika bakala, wato kantin unguwa, sayen madara. Dattijon da ke dawowa da burodin tamis mai zafi a leda, rataye a hannun keke. Shekaranjiya a layinmu, wajen magariba, wata mota ta shigo a guje, direban yana gudun cunkoson babban titi ne, wai taswirar waya ta nuna masa yanke. Dattijon nan sai da ya manne da bango, ledar ta faɗi a kwata. Ko waiwaye mai motar bai yi ba.

Tun 2010 kyamarorin Sahir suka ladabtar da direbobi a manyan hanyoyi, kowa na tsoron tara. Amma lungu ba mai gani, shi ya sa ake huce haushi a kansa.

Maganin ba sabo ba ne. Taron duniya kan kiyaye haɗura da aka yi a Sitokhom a Fabrairun 2020 ya nemi kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa inda motoci ke cuɗanya da masu ƙafa da keke, domin wanda aka buge a wannan gudun galibi yakan rayu. A ƙara da tudun rage gudu, wanda muke kira matab, a toshe bakin wasu layuka da turaku yadda keke zai wuce, mota kuwa sai ta zagaya. Ai mun ga yadda aka hana motoci bin titin Kuba a Madina, kasuwa ba ta mutu ba, sai ma cika da ta yi.

Na san masu mota za su ce an tsawaita musu hanya. Minti biyu ne, Alhaji.

Lambar ƙorafi ta baladiyya, wato hukumar gari, 940 ce. Liman da dattawan layi su zauna bayan isha'i, a rubuta sunan titin, a faɗi kwanar da ake son matab ɗin, a kira.