Lasisin Sayar da Abinci Mai Zafi Bayan Ƙarfe 11 na Dare a Ingila da Wels

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Maganar da za mu yi yau ta shafi yadda ƙananan hukumomi a Ingila da Wels suke ba gidajen abincin tafi-da-gidanka izinin buɗewa cikin dare, kuma zan fara da wata tambaya da na san za ta ba wasunku dariya. Me ya sa mai sayar da burodi da lemon kwalba da ƙarfe biyu na dare ba ya bukatar wannan izini, alhali maƙwabcinsa mai soya kaza da dankali a daidai wannan lokaci, in ba shi da takarda, yana iya kwana a gidan yari?

Amsar tana cikin dokar lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki gadan-gadan ranar 24 ga Nuwamba, 2005. Dokar ta ce duk wanda zai sayar wa jama'a abinci ko abin sha mai zafi tsakanin ƙarfe 11 na dare da ƙarfe 5 na asuba, sai ya nemi lasisi daga ƙaramar hukumarsa. Abin da take nufi da zafi shi ne abincin ya fi iskar wurin ɗumi, kuma ko da an miƙa wa mutum shi da sanyi, muddin akwai na'urar da zai ɗumama shi a cikin shagon, to hukuncin ɗaya ne. An keɓe otal mai ciyar da baƙinsa, da ma'aikatar da ke ciyar da ma'aikatanta na dare, da abincin da ake rabawa kyauta. Wanda ya karya dokar kuwa, ana iya ɗaure shi har wata shida, ko a ci shi tarar da ba a ƙayyade iyakarta ba.

To, a nan ne ya kamata mu fahimci cewa ba abincin ne ya dami 'yan majalisar da suka yi dokar ba. Tsaftar abinci tana da nata dokoki daban. Abin da ya dame su shi ne taron da abinci mai zafi yake tarawa a lokacin da mashaya da gidajen rawa suka tashi, mutane suka fito da yunwa, wasu a buge, suka yi cincirindo a ƙofar shago guda, da hayaniya da faɗa da takardun da ake zubarwa a ƙofar gidajen mutane. Shi ya sa aka haɗa mai soya kaza da mai sayar da giya a doka ɗaya, ko da kuwa bai taɓa ajiye kwalba ɗaya ta giya a shagonsa ba.

Dokar ta ba ƙaramar hukuma ma'auni huɗu kawai da za ta auna buƙata da su, wato hana aikata laifi da tarzoma, da kare lafiyar jama'a daga haɗari a wurin, da hana takura wa maƙwabta, da kare yara daga cutarwa. Duk hujjar da ba ta shiga ɗaya daga cikin waɗannan ba, ba ta da mazauni. Wanda ya ce shagunan soye-soye sun yi yawa a unguwa har ba a bukatar wani, ko ya ce irin wannan abinci yana kawo ƙiba, maganarsa tana iya zama gaskiya, amma kansiloli ba su da ikon hana lasisi saboda ita. Batun ƙiba yana bi ta wata ƙofa ce daban, ta izinin tsara gari, kamar yadda hukumar Waltham Forest da ke Landan ta yi a 2009, lokacin da ta fara hana buɗe sababbin shagunan tafi-da-gidanka a cikin mita 400 daga makarantu. Kuma ku lura, izinin tsara gari da lasisin dare takardu biyu ne, kowace da nata lokutan, kuma in sun saɓa, wadda ta fi tsanani mai shago zai bi.

Yanzu bari mu zo kan abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan maganar. Idan mai shago ya shigar da takardarsa, ya biya kuɗin da yake tsakanin fam 100 da fam 635 gwargwadon darajar ginin, sai ya liƙa sanarwa a kan shuɗiyar takarda a jikin shagon har kwana 28, ya kuma buga ta a jaridar yankin. Ana aika kwafe ga 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da jami'an kula da muhalli da sauran hukumomin da doka ta lissafa, kuma tun 2017 har da hukumar shige da fice. In kwanakin nan suka wuce babu wanda ya rubuta ƙorafi mai ma'ana, ƙaramar hukuma ba ta da zaɓi, tilas ta ba da lasisin kamar yadda aka nema. Ba a kiran zama, ba a tambayar kansila ra'ayinsa. Shirun maƙwabta a nan daidai yake da sa hannu, kuma sau da yawa mutane ba sa farkawa sai ranar da ƙarar injin fitar da hayaƙi da baburan masu kai saƙon abinci suka hana su barci, ga shi bakin alƙalami ya riga ya bushe.

In kuwa an samu ƙorafi, sai kwamitin kansiloli uku ya zauna ya saurari kowa. Kafin 2012, in ban da hukumomi da kansiloli, sai mai zama ko mai kasuwanci kusa da shagon ne yake da bakin magana, amma gyaran da aka yi wa dokar a 2011 ya buɗe ƙofa ga kowa. Kwamitin yana iya bayarwa, ko ya rage lokaci, a ce ƙarfe ɗaya maimakon huɗu, ko ya gindaya sharuɗɗa irin su kyamarar tsaro da mai gadin ƙofa da share titin gaban shago kafin a tashi, ko ya hana gaba ɗaya. Wanda hukuncin bai yi masa ba yana da kwana 21 ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun majistare. A ganina, wannan zama shi ne inda rashin daidaito ya fi fitowa fili, domin babban kamfani mai rassa ɗaruruwa yana zuwa da lauyan da wannan ce sana'arsa, shi kuwa mai ƙaramin shago ko tsohuwar da take zaune a saman bene, da kansu suke zuwa. Abin da yake taimakon maƙwabci shi ne ya zo da rubutaccen bayani na ranaku da sa'o'in da aka takura masa, saboda tsoron abin da bai faru ba ba ya yin nauyi a gaban kwamiti kamar shaida.

Akwai unguwannin da hukuma ta ayyana cewa wuraren dare sun riga sun yi musu katutu, kamar wasu sassan Westminster da ke tsakiyar Landan, kuma a can nauyin hujja yakan koma kan mai nema. Amma ko a nan ma sai wani ya rubuta ƙorafi kafin wannan manufa ta yi aiki. Sa'an nan lasisin da aka riga aka bayar ba shi da ranar ƙarewa, sai dai kuɗin shekara-shekara, don haka hanyar da ta rage wa wanda ya makara ita ce ya nemi a sake duba lasisin, inda kwamiti yake da ikon sauya sharuɗɗa, ko dakatar da shi har wata uku, ko soke shi. Zan dakata a nan domin mu karɓi tambayoyinku.