Jawabin Maraba ga Mai Girma Magajin Gari a Ziyararsa Cibiyar Wasannin Yara ta Unguwar Hausawa, Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Magajin Gari, babban baƙonmu, wakilin Mai Martaba Lamiɗo, Sarkin Hausawa da masu unguwanni, limamai da malamanmu, iyayenmu mata, 'yan rakiyar Mai Girma, jama'ar unguwa baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, lale marhabin, ko kuma kamar yadda maƙwabtanmu Fulani ke cewa, jaɓɓaama. Ba za mu tsaya lissafa ayyukanka ba, tafin hannu ba ya rufe rana, kuma duk mai tafiya a garin nan ya gani da idonsa. Uba ne kai ga babba da yaro, ka bar manyan ayyuka ka shigo lungunmu da ƙafarka. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara ɗaukaka.

Tun kafin mu shiga tarihi, kwamiti ya ce a fara da abin da ke ranmu, don kada lokaci ya ƙure ba mu faɗa ba. Ruwa muke nema, ranka ya daɗe. Rijiyar burtsatse guda ɗaya, wadda muke kira foraj, da shatonta, wato tankin tara ruwa da ake ɗorawa sama, a cikin wannan fili, kafin damina ta faɗi. Sauran abubuwan da za ka ji a jawabin nan suna iya jira. Wannan kam ba zai iya ba.

Unguwar da ka shigo tsohuwa ce. Kakanninmu fatake ne daga Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato, suka biyo hanyar Adamawa tun zamanin Modibbo Adama da 'ya'yansa, suka yada zango a bakin Binuwai. Su suka kawo rini da dukanci da fawa da wanzanci da cinikin goro. Jamusawa sun tarar da mu a nan. Da garin ya fita daga hannunsu a 1915, muna nan. Lokacin da tashar jiragen ruwa ke tashe, jirage na haurowa daga Nijeriya da damina idan kogi ya cika, su sauke gishiri da siminti su ɗauki auduga da gyaɗa, 'ya'yan unguwar nan na cikin masu dako da masu awo da dillalai. A garin nan aka haifi Ahmadu Ahijo a 1924, shugaban Kamaru na farko. Garin Coton Sport ne, ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, inda Vincent Aboubakar ya taso kafin ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017. A watan Janairun 2022 duniya ta zo filin wasa na Rumde Ajiya kallon gasar kofin Afirka, 'yan uwanmu daga Yola da Mubi suka cika gidajenmu, muka sauke su, muka ciyar da su.

To amma, ranka ya daɗe, abin ya zame mana inuwar giginya, na nesa ka sha. An gyara manyan tituna, an kafa fitilu, kwalta ta tsaya a bakin unguwa. Filayen da iyayen yaran nan suka yi langa da ƙwallon tsumma a cikinsu duk an yanka an gine. Ambaliyar 2012 ta ci katangu a unguwannin bakin kogi, wasu har yau da zana aka maye su. Alkawari kuwa mun sha shi, musamman idan zaɓe ya matso. An auna filin nan da igiya ba sau ɗaya ba, an tafi, ba a dawo ba. Ba mu kama sunan kowa. Mun faɗa ne don ka san dalilin da ya sa iyayen unguwa suka haɗa taro da sisi suka riƙe wannan guntun fili, da rumfar kwano ɗaya, da ɗakin ajiya, da masai biyu.

Ga yadda aikin yake tafiya. Cibiya irin wannan lokacinta gajere ne: daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, wato kamar awa biyu. Safiya ta lakwal ce, wato makarantar boko, kuma ba mu yarda mu yi karo da makarantar allo ba, domin ranar da malam ya ce cibiya na ɗauke masa ɗalibai, ranar iyaye za su janye 'ya'yansu. Saboda haka ranakun cika su ne Laraba da yamma, da ake tashi lakwal da wuri, da Alhamis, da allo ke hutu, sai Asabar. Babban hutu, daga Yuni zuwa farkon Satumba, shi ne lokacin da ya fi nauyi, yara sun yi yawa, ga ruwan sama.

Kowane yaro ana rubuta shi a rajista: sunansa, shekarunsa, gidansu, da wanda za a nema idan wani abu ya faru. Ana kiran suna da shigowa, a sake kira da fita. Wannan kiran na biyu shi ne mai muhimmanci, saboda yaron da ya sulale tsakiyar wasa ya nufi kogi ko bakin titi, iyayensa suna zaton yana wurinmu. Ana raba su gida uku: 'yan shekara 6 zuwa 9, 'yan 10 zuwa 12, sai 'yan 13 zuwa 15. In aka haɗa su a fili ɗaya, manya ne za su riƙe ƙwallo, ƙanana su koma tsintar ta a bayan raga, mako biyu su daina zuwa. Babba ɗaya bai kamata ya kula da fiye da yara 20 ba, a ƙananan kuma 15. Ƙa'ida ce ba a barin babba shi kaɗai da yaro a ɗaki rufe, ko wane ne shi, kuma ba a duka. Horon mai laifi shi ne zama a benci yana kallo ana wasa, wanda ga ɗan shekara goma ya fi bulala zafi.

'Yan mata kuwa sai an yi musu tanadi na musamman. Uwa ba za ta saki 'yarta ba sai ta san mace ce ke kula da ita, akwai masai na mata daban mai ƙofa da sakata, kuma za ta dawo kafin magariba. Da yawansu ma da tiren talla a ka suke shigowa, ko da ƙani goye a baya. Hana su shigowa da tire daidai yake da korarsu, don haka akwai tebur a ƙarƙashin rumfa inda ake ajiye kayan talla a rufe, da tabarma ta ƙananan da aka goyo. Suna tsallen igiya da carafke da gaɗa da ƙwallon hannu, wasu kuma su zauna wajen saƙa da karatu.

Kaya suna da nasu ciwon kai. Ƙwallon fata a ƙasar da ke da tsakuwa da ƙaya ba ta daɗewa. Ɗinkin ne ke fara buɗewa, sai a kai wa baduku. Ƙananan yara lamba 3 ko 4 ta dace da su, lamba 5 nauyi take musu a ƙafa ba takalmi. Kafin kowane wasa yaran kan jeru kafaɗa da kafaɗa su taka filin daga wannan gefe zuwa wancan suna tsintar kwalba da ƙusa da guntun kwano, minti biyar kacal, amma ya rage mana ɗaurin rauni ƙwarai. Sandar raga dole a binne ta da siminti, don yara na son lilo a kanta, in ta kife a kan yaro ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin shiga ba mu karɓa daga yaro, domin ko sefa 25 aka sa, wanda ya fi bukatar wurin shi ne zai fara ɓacewa. Iyaye da 'yan kasuwar unguwa ke ba da gudummawa duk wata, a karanta lissafi a bainar jama'a, kuma ba a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Masu kula da yaran sa kai suke yi, kuma a nan muke asarar mutane: saurayin da ya ƙware da yara, da ya samu babur na haya sai ya tafi, ba kuma za a ga laifinsa ba.

Abin da muke tsere da shi kowa ya san shi. Yaron da ba shi da wurin zuwa tsakanin la'asar da magariba, tasha ce ke ɗaukarsa, ko gidan kallo, ko inda ake shaƙar sholisho da haɗiyar tiramol.

Duk wannan tsari a kan ruwa yake tsaye, ranka ya daɗe, kuma ruwan ne babu. Ka san Garwa a watan Maris da Afrilu, zafi na haura digiri 40. Yaron da ke guje-guje a irin wannan yanayi yana bukatar kusan lita biyu a yammaci ɗaya. Idan yara 150 suka zo, lita 300 ke nan, jarka 15 mai lita 20, na sha kaɗai. Ba a sa na wanke hannu ba, da na alwala, da na masai, da wanda ake yayyafa wa fili lokacin hunturu don ƙura ta kwanta. A wajen 'yan garuwa muke saye, kuma daidai lokacin da zafi ya tsananta famfunan gari ke ɗaukewa, kuɗin jarka ya hau, mai kura ya fi son gidan da ke biya nan take. Ka dubi randar can ta ƙarƙashin rumfa. Ƙarfe biyar ba ta yi sai ka ji moɗa na kankarar gindinta. Layin yara na nan tsaye, mai kula na zuba rabin kofi rabin kofi, na ƙarshe ya karkata kofin ya jira ɗigo. Daga nan dole a busa usur a sallami kowa, rana ba ta faɗi ba. Haɗarin da ya fi wannan shi ne moɗa ɗaya da hannu ɗari ke tsomawa a randa ɗaya, a yankin da ya san kwalara, ya kuma binne mutane saboda ita. Muna zuba sinadarin kulorin, muna da sabulu, muna ajiye gishiri da sukari na haɗa ruwan zawo, amma sabulu ba ya aiki sai da ruwa.

Mun yi bincike kafin mu roƙa. Aikin yana farawa da masu auna ƙasa su nuna inda ruwa yake, nesa da masai da aƙalla mita 30. Sai haƙa, a zura bututun roba mai tsaga a ƙasa, a kewaye shi da tsakuwa, a toshe saman da siminti don ruwan kwata kada ya gangara ciki. A gwada yawan ruwan da rijiyar ke bayarwa kafin a sayi injin, saboda injin da ya fi ƙarfin rijiya zai zuƙe ta ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone. Da yawan foraj da ka gani a mace a unguwanni, abin da ya kashe su ke nan. A kai ruwan a gwada shi a tabbatar mai shayuwa ne. Muna roƙon injin mai aiki da hasken rana, don kada mu dogara da wutar da ke zuwa ta tafi, da shato mai lita 5,000 a kan ƙarfe, da kawunan famfo shida a tsayin yaro, da ramin tsotse ruwa cike da duwatsu don kada wurin ya zama gidan sauro. Mun san inda yake lalacewa: ƙurar hunturu na rufe faifan hasken rana, sai an goge shi duk mako, ɓarayi na kwance shi in ba a yi masa walda da keji ba, kan famfo na karyewa a hannun yara, don haka kullum a ajiye na canji. Mun tsara sayar wa maƙwabta ruwa da safe a farashi mai sauƙi, kuɗin ya shiga asusun gyara, don kada mu dawo maka da kuka bayan shekara ɗaya. Ƙiyasin kuɗin aikin yana cikin takardar da shugaban kwamiti zai miƙa maka.

Dalilin gaggawar shi ne, a ƙarshen rani ake haƙa rijiya, lokacin da ruwan ƙasa ya yi nisa. Wanda aka samu a lokacin shi ne mai zama duk shekara. Kuma da ruwan sama ya sauka, motar haƙa ba za ta iya shigowa lungun nan ba, ka ga hanyar da kanka. In watan Mayu ya wuce, an yi asarar shekara.

Akwai wasu bukatu, za mu ambata a taƙaice. Takardar da za ta tabbatar filin nan na yara ne, don mun ga yadda sauran suka tafi. Katanga a ɓangaren titi, inda ƙwallo ke fita yaro ya bi ta gaban babura. Sai takardun haihuwa: rajistarmu ta nuna mana yaran da ba su da ita, kuma ba tare da ita ba yaro ba zai zauna jarrabawar CEP ta kammala firamare ba, ko da shi ne na ɗaya a aji. In ofishinka zai taimaka a bi musu hanyar kotu a dunƙule, mu za mu tattara sunaye da shaidu. Amma in aka ce mu zaɓi ɗaya, ranka ya daɗe, ruwan muka zaɓa, iyaye maza da mata, baki ɗaya.

Bayan yara sun gama nuna maka wasanninsu, muna roƙon ka taka da mu zuwa kusurwar gabas ta filin, inda muka kafa turke muka shafa masa farar ƙasa, ka ga wurin da muke fatan masu awo su fara dubawa. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya maishe ka gida lafiya kai da 'yan rakiyarka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Kwamitin iyaye da masu kula da cibiya, a madadin jama'ar unguwa.