Mai lalle da zanen kanta: raba hannu tsakanin amare da ƙananan zane-zane

Hadiza: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da warhaka daga Birnin Kebbi. Yau ina tare da Inna Kulu, mai ƙunshi da zanen lalle, da Malam Bello, malamin zane. Maganarmu a kan mai sana'ar zane a jikin mutane ce, wadda kuma take son ta yi zanen kanta, musamman ƙananan abubuwan nan da ake saye ana tarawa. Malam, wani da ya ji zanen jiki sai hankalinsa ya tafi kan tatu.

Malam Bello: To, tatu allura ce ke kai tawada cikin fata, zurfin milimita ɗaya zuwa biyu, shi ya sa ba ya gogewa. Mu ma da muna da jarfa, wanzami ya tsaga da aska a shafa baƙin tukunya. Amma hadisin da ya hana wannan yana cikin Buhari da Muslim, don haka a nan sana'ar zanen jiki lalle ce. Shi a saman fata yake kamawa, fatar na saɓewa yana bin ta, mako biyu zuwa uku ya tafi. Sai dai damuwar masu tatu a Turai da ta masu lalle a Jega ɗaya ce: abin da kwastoma ke so kake zanawa, kuma ya tashi ya tafi da shi.

Inna Kulu: Namu ma ya fi, Malam, tunda goguwa yake yi. Yanzu kowace amarya da hotonta take zuwa a waya, daga Instagram ko TikTok, ta ce wannan nake so. Yarinya sai ta shekara tana kwafe. Hannu ya yi sauri, amma ka ce ta zana fure daga kanta, sai ta tsaya tana kallonka. Wannan ne ke damuna da 'yan matan da ke tasowa a sana'ar.

Hadiza: Za su ce miki ba lokaci, Inna.

Inna Kulu: Akwai lokaci, 'yata, ba a lissafa shi ne. Sana'ar nan tana da kakarta. Sha'aban ana rububin ɗaura aure kafin azumi. Kwana uku na ƙarshen Ramadan ba barci. Haka jajibirin Babbar Salla, haka bayan girbi zuwa hutun Disamba. A waɗannan kada ma ki yaudari kanki da zanen kanki. Amma kwana ashirin na farkon azumi fa? Tsakiyar damina fa? Ko a mako, biki daga Laraba yake ɗaukar zafi zuwa Asabar. Litinin da Talata da safe naki ne, ki kashe waya awa biyu.

Malam Bello: Kuma a yi shi da safe, kafin a taɓa kowa. Lallen amarya, hannu da ƙafa, yana cin awa huɗu zuwa shida kina matsa ledar zane da babban yatsa, wuya a sunkuye. Bayan wannan hannu rawa yake yi, ƙaramin zane kuwa ba ya yafe rawar hannu. Duk minti arba'in a ajiye leda, a buɗe yatsu, a miƙe wuya, a kalli nesa. In yatsu sun fara sagewa da dare, a je asibiti tun da wuri, don hannun nan ɗaya ne ke ɗauke da sana'o'in biyu.

Inna Kulu: Abin da ke cinye Litinin ɗin ma kwaɓa lalle ne kullum. A kwaɓa na mako biyu gaba ɗaya. Garin lalle giram 100, a tankaɗe shi sau biyu da mayafin shifon, don ɗan kara ɗaya ya isa ya toshe bakin leda. Suga cokali biyu, shi ke sa zane ya manne kada ya farfashe. Man yukaliftus ko na kajefut mililita 25 zuwa 30. Ruwa ko ruwan lemun tsami kamar mililita 250, ana zubawa kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin man goge baki. A rufe da leda ta taɓa samansa. A zafin bazara irin na Kebbi awa uku zuwa huɗu ya saki kala, da hunturu sai ya kwana. Ki ɗiga a tafin hannu, ki goge bayan minti biyar, in ya bar kalar ruwan lemo mai kyau ya yi. Zai ba ki ledar zane 15 zuwa 20, ki jera a firiza. In wuta ba ta tsayawa a unguwarku, kwaɓa rabi, don wanda ya narke ya kwana biyu a zafi ya mutu.

Hadiza: Baƙin lalle fa? Shi aka fi nema yanzu.

Malam Bello: A nan zan tsaya kaɗan. Lalle na gaskiya ba ya baƙi. Dayis ɗin da ake kwaɓawa yana ɗauke da sinadarin PPD, na rinin gashi. Wata sai bayan mako ɗaya ko biyu wurin ya yi ja, ya yi bororo daidai shatin zanen, ya bar tabo. Jikin da ya taɓa ƙin sa kuma ya ƙi shi har abada. Wadda ta fi kowa shiga haɗari ita ce mai zanen, don kullum yana yatsunta. Haka masu zuba fetur ko kananzir wai don ya kama, ƙuna ce kawai.

Inna Kulu: Kuma ko jan lalle kada a sa wa jariri. Akwai yaran da ake haifa da wata larurar jini, G6PD, lalle na fasa musu jini. In amarya na son duhu, a yi mata kwana biyu kafin ɗaurin aure, ya zauna a jiki awa shida zuwa takwas, kada ruwa ya taɓa a ranar farko. Da kansa zai nuna.

Hadiza: To mu dawo kan zanen kai. Me ya sa ƙarami? Me zai hana ta yi babban allo na bango?

Malam Bello: Babban allo yana son mako guda a jere, ita kuma ba ta da shi. Za ta fara, biki ya shigo, allo ya jingine a bayan ƙofa yana shan ƙura. Ƙarami kuwa zama ɗaya ake gama shi. Kuma hannun mai lalle ya riga ya saba da siririn layi a ɗan wuri. Akwai ma'aunin kati da masu tarawa a duniya suka sani, santimita 6.4 da 8.9, wanda wani mai zane ya fara a Zurik ta ƙasar Suwizalan a 1997. Takardar A4 ɗaya tana ba da kati tara. A nemi mai kauri, wadda aka rubuta giram 300 a jikin fakitinta, don siririya lanƙwashewa take in ta ji ruwa. Alƙalami mai baki milimita 0.1 da 0.3 wanda ruwa ba ya wankewa, da buroshi lamba 0 da 000.

Inna Kulu: Ni kuwa na fi son abin da muke da shi. Ƙananan ƙore, ludayi, 'yar gora, guntayen fata daga wurin dukawa. Amma kada ki ɗauka lalle zai kama ƙwarya yadda yake kama hannu. Bayan ƙwarya yana da santsi, lalle zai bushe ya zube ya bar ɗan dishi-dishi. Abin da ake yi, a zuba fentin akirilik a cikin ledar zane. Kashi biyu na fenti mai kauri, kashi ɗaya na farin gam na kafintoci, ɗigon ruwa biyu ko uku. Ki ja layi a takarda: in ya tsaya da tudunsa ya yi, in ya baje ruwa ya yi yawa, in yana yankewa ya yi kauri. Ki ajiye allura kusa, don bakin ledar minti biyu ya bushe.

Malam Bello: Kafin nan a gyara ƙwaryar. A kankare cikinta sarai, a shanya kwana biyu a rana, don ragowar ɓargon ciki ne ke jawo ƙwari, mai saye ya wayi gari ya ga gari a ƙarƙashinta. A goge baya da samfefa lamba 220, a bi da 400, a share da tsumma mai ɗan laima. In ba a goge ba, fentin zai ɓare da farce kamar ɓawon gyaɗa. Bayan zane a bar shi kwana ɗaya cur, sannan a shafa banish siriri sau biyu, ba mai kauri sau ɗaya ba, don mai kauri yana zuba ya taru a gindi.

Hadiza: Fata fa, Inna? Ita tana karɓar lalle?

Inna Kulu: Tana karɓa, in farar jima ce ta bagaruwa wadda ba a rina ba. Ki zana, ya kwana, ki kankare da bayan wuƙa, ki shafa ɗan man kaɗanya. A kan jar fata ba zai fito ba. Tawadar allo ta ƙaro kuma tana kyau a kati, amma ruwa na narkar da ita. Kika sa buroshin banish a kai, kin dama zanen. Ita sai dai a saka ta a farar leda mai kauri.

Malam Bello: Akirilik a watan Afrilu yana bushewa a faranti kafin ka gama haɗa kala. A samu roba mai murfi, a shimfiɗa soso mai ruwa, a ɗora takardar gashin kek, a zuba fenti a kanta. Zai kai gobe. Masu son rezin, wato ruwan roba mai daskarewa kamar gilashi, don maƙalin makulli kuma, a auna daidai yadda aka rubuta a jikin kwalba, a juya a hankali minti uku. In ma'auni ya kauce, zai yi ta danƙo ba zai taɓa bushewa ba. Laimar Agusta na sa shi hazo, ƙurar hunturu na zama a kansa, don haka a kife roba a kai kwana ɗaya, a ba shi kwana uku ya ƙarasa tauri. A sa safar hannu, a yi a inda iska ke wucewa.

Hadiza: Me ke sa mutum ya tara, maimakon ya sayi ɗaya ya tafi?

Malam Bello: Jeri. A ɗauki jigo ɗaya a yi guda shida ko goma sha biyu. Misali kayan sun Argungu: gora, homa, kwalekwale a kogin Matan Fada. Ko ƙofofin gidan tarihi na Kanta, ko jiragen ruwan bikin Rigata na Yawuri, ko dagi kala-kala. Yawancin masu saye a nan ba sa son siffar mai rai a ɗaki, to fure da gini da kayan aiki sun wadatar. Kada kuma a rubuta aya a abin da zai shiga aljihu ya shiga bayi. A bayan kowanne a sa suna, shekara da lamba, kamar 3 cikin 20 in zane ɗaya aka yi sau ashirin. In ashirin ɗin sun ƙare, sun ƙare. Kika ƙaro, kin ci amanar wanda ya sayi na farko. Bikin Argungu, da aka fara a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sa shi a jerinta na al'adun gargajiyar duniya a 2016, kasuwa ce mai kyau, amma ba kowace shekara ake yin sa ba, kada a zuba jari duka a kansa.

Inna Kulu: Kasuwar farko ma tana zaune a gabanki. Ƙawayen amarya awa uku suna jiran layi. Ki ajiye tire da katunanki a gefe. Za su saya, wata kuma ta ce wannan furen za ki yi mini a hannu. Kin ga zanenki ya shiga sana'arki, an bar hoton waya. Farashi kuwa daga lalle za ki ciro shi. A ce kina karɓar naira 20,000 a aikin awa biyar, awarki 4,000 ke nan. Katin da ya ci rabin awa 2,000 ne, sai kuɗin kaya. In kasuwa ta ƙi, ki rage wahalar zanen, kada ki karya kuɗin awarki. Sannan akwai kayan rabon biki, Malam, nan kuɗi yake.

Malam Bello: Nan ne ban yarda ba, Inna. Uwar amarya ta ce a yi mata maƙalin makulli 200 iri ɗaya da sunan ango da amarya, to an koma gidan jiya. Aikin oda ne aka sake wa riga, kuma Litinin da Talatar sun tafi.

Inna Kulu: Amma yarinya na da kuɗin makaranta da na kayan aiki a gabanta, Malam. Ba za a ce ta mayar da kuɗi ba.

Malam Bello: To ta karɓa, amma ta lissafa shi cikin kwanakin lalle, ba cikin nata ba. Kuma daga zanen da ta riga ta yi za a zaɓa.

Inna Kulu: Wannan na yarda. In ƙara da cewa kada ya wuce hamsin in ita kaɗai ce, ta karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ta nemi mako uku saboda bushewa. Kuma a kowane jeri ta cire lamba ɗaya ta ajiye a akwati, ba na sayarwa ba. Daga kuɗin kowace amarya ta ware kashi ɗaya cikin goma na takarda da fenti, tun kafin ya shiga cefane.

Hadiza: Hoton aiki fa, don tallatawa?

Inna Kulu: Hannun amarya ba naki ba ne, sai da izininta, kuma ban da fuska. Kati da ƙwarya kuwa ki ɗauke su a inuwa da hantsi, a kan farin ƙyalle, ki ajiye ashana a gefe don mai kallo ya gane ƙanƙantarsu. In za a aika Gusau ko Sakkwato a mota, kati ya shiga tsakanin kwali biyu, ƙwarya a cusa mata takarda a ciki, a sa a kwali mai tauri, a rubuta wa direba cewa mai fashewa ne.

Hadiza: Madalla. Inna Kulu, Malam Bello, mun gode, Allah Ya saka da alheri. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.