Jerin jira a manyan jami'o'in Amurka: a sa rai ko a haƙura?

Sadiya: Masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Malam Kabiru a nan Kano, sai Anti Rakiya ta waya daga Amurka. Anti, ƙarfe nawa a wajenku?

Anti Rakiya: Asuba ce, 'yata. Ko shayi ban sha ba, don haka in na yi faɗa ku yi haƙuri.

Malam Kabiru: Faɗan ma muna so, Hajiya. Ga abin da ya kawo mu. Ƙarshen watan Maris manyan jami'o'in can suke sakin sakamako, yaro ya buɗe shafinsa ya ga ba a ce "mun ɗauke ka" ba, ba a kuma ce "ka yi haƙuri" ba. An ce yana cikin jerin jira. Ni a fahimtata layi ne, kamar na gidan mai: in na gabanka ya fita, ka matsa.

Anti Rakiya: To nan ne kuskuren farko, Malam. Yawancin makarantun nan ba sa jera yaran ɗaya, biyu, uku. Tara su suke yi wuri guda. Ranar 1 ga Mayu ita ce ranar da waɗanda aka ɗauka za su ce sun amince ko sun tafi wani wuri. Bayan nan sai jami'a ta ƙirga kawunan da ta samu, ta ga inda giɓi yake. In 'yan injiniya ne suka yi ƙaranci, mai neman injiniya za ta ɗauko. In 'yan wata jiha ne babu, can za ta miƙa hannu. Kai ko ka fi kowa maki, in ba irinka ake nema ba, sai dai ka ji ana yi.

Sadiya: Ke nan jami'a don kanta ta yi jerin, ba don yaron ba.

Anti Rakiya: Kin gama magana. Tanadi ne take yi wa kanta. Kowace shekara sai ta ɗauki fiye da gurabenta, saboda ta san wasu ba za su zo ba. In lissafin ya zarce, matsala. A 2017 reshen Irvine na Jami'ar Kalifoniya ya samu waɗanda suka amince sun fi yadda aka zata, har aka janye takardun ɗalibai kusan 500, aka yi ta surutu kafin a maido da yawancinsu. Babu mai son irin wannan kunyar. Gara a ɗauki kaɗan, a cike da 'yan jira.

Malam Kabiru: To ki ba mu lamba, Hajiya. Iyaye lamba suke so. Cikin ɗari, nawa ke shiga?

Anti Rakiya: Duk wanda ya ba ka lamba ɗaya ya ce ita ce, yaudararka yake yi. Ɗauki Stanford. A 2019 mutum 8 ta ɗauka daga jerin. Shekarar da ta biyo, ta korona, da yara da yawa suka ɗage karatu, ta ɗauki 260. Makaranta ɗaya, shekara ɗaya tsakani. Princeton kuwa akwai shekarar da ko mutum ɗaya ba ta ɗauka ba. Kuma ka lura, inda kowa ke rububi nan ƙofar ta fi ƙunci. Harvard, cikin waɗanda ta ɗauka sama da kashi 80 cikin ɗari suna zuwa. Wa zai bar maka kujera?

Sadiya: Anti, a ina mutum zai ga waɗannan lambobin da idonsa?

Anti Rakiya: Akwai wata takarda da yawancin jami'o'in ke wallafawa duk shekara, Common Data Set. Ki rubuta sunan makarantar da wannan suna a Google, ki gangara sashen C2. Lambobi uku ne: nawa aka yi wa tayin jira, nawa suka karɓa, nawa aka ɗauka. Kada ki duba shekara ɗaya, duba huɗu ko biyar a jere. Wasu makarantun suna barin wurin babu komai. Wasu kuma, irin Jami'ar Michigan, mutum sama da dubu goma suke zubawa a jerin. Wannan ai ba jira ba ne, taron kasuwa ne.

Malam Kabiru: Ya tuna min da yaranmu na nan da ke kwana a shafin JAMB suna jiran jerin sunaye na biyu.

Anti Rakiya: Zullumin dai iri ɗaya ne. Bari in ba ku na gidana. Babbar 'yata an sa ta a jerin wata makaranta, ba zan kama suna ba. Wata biyu yarinyar nan wayarta na gefen faranti in muna cin abinci, ko ƙara kaɗan ta yi sai ta zabura. Sai ƙarshen Yuni suka aiko da layi uku: aji ya cika, mun gode. Abin da ya cece mu, babanta ya tilasta mata biyan kuɗin kama gurbi a wata makarantar tun kafin 1 ga Mayu. Kuka ta yi ranar, wai mun cire mata rai.

Malam Kabiru: Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Anti Rakiya: Ai shi ne. In daga baya waccan ta kira, kuɗin da ka biya ya tafi, 'yan ɗaruruwan daloli ne galibi. Amma ka kwana da makaranta a hannu.

Sadiya: To mai jira zaune zai yi kawai? Babu abin da zai taɓuka?

Anti Rakiya: Akwai, amma ba yawa. Da farko ya shiga shafinsa ya danna cewa ya karɓi jiran, don wasu mantawa suke yi. Sannan ya rubuta wasiƙa ɗaya, gajera: ga sabon abin da na yi tun bayan da na nema, ga dalilin da ya sa nake son wannan makaranta musamman, kuma in gaskiya ne, in kun kira ni zan zo. Wannan jimlar ta ƙarshe tana da nauyi, don a wannan lokacin ba sa son su kira a ƙi su. In kuma makarantar ta ce kada a aiko da komai, to kada a aika.

Malam Kabiru: Ni da na ce a samu wani babba ya yi waya.

Anti Rakiya: Malam, rufa mana asiri! Uba ya dinga kiran ofis kullum, yaron yake jawo wa baƙin jini.

Sadiya: Na gida fa, wanda ke nema daga Kano ko Zariya?

Anti Rakiya: Nasa ya fi wuya, ta fuska biyu. Ta farko kuɗi. Jami'o'i kaɗan ne ba sa duba aljihun ɗan ƙasar waje kafin su ɗauke shi, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst. Sauran suna dubawa, kuma zuwa watan Mayu asusun tallafi ya riga ya yi ƙasa. Ta biyu lokaci. A ce an kira ka a Yuni. Sai makaranta ta aiko da takardar I-20 da ake neman bizar karatu da ita, ka biya dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙasashen waje ta gwamnatin Amurka, ka nemi ranar ganawa a ofishin jakadanci a Abuja ko Legas, ga ƙa'idojin biza da ke canzawa, alhali ana buɗe makaranta a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba. Kuma in sun kira, kwanaki kaɗan suke bayarwa ka amsa.

Sadiya: Ke nan fasfo da takardun banki su zama a shirye tun yanzu.

Anti Rakiya: Tun jiya ma. Kuma a dinga leƙa inda saƙonnin banza ke faɗawa a imel, don can wasiƙar kan maƙale.

Malam Kabiru: Hajiya, je ki sha shayinki. Sadiya, karanto mana saƙon farko, na ga wani daga Katsina yana tambaya a kan kuɗin kama gurbi.