Converse All Star: kambas ɗin da aka ɗinka domin ƙwallon kwando

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da war haka. Ga takalmin nan a kan tebur, na baya ku ɗan miƙe ku gani. Da yawanku kun san shi a gwanjo, amma asalinsa na wasa ne.

A 1908 aka kafa kamfanin Converse a garin Malden na jihar Massachusetts a Amurka, yana yin takalman roba. A 1917 ya fito da wannan domin 'yan ƙwallon kwando.

To, ku dubi facin nan mai tauraro. Ina yake? Ta ciki, ba ta waje inda za a gani a yaba ba. An ɗora shi daidai idon sawu ne domin ya kāre ƙashin idan ƙafafu suka gogi juna. Wannan hular roba ta gaba kuma, duk wanda aka taɓa takawa a ƙarƙashin kwando ya san amfaninta. Ku juya ƙasan, zanen nan shi ke kama katakon fili kada a zame. Ramukan nan biyu na gefe, iska ke shiga ta nan. Abin da ke burge ni ke nan, babu abin da aka sa don ado kawai.

Sunan da ke kan facin, Chuck Taylor, ɗan wasa ne daga Indiana da ya kama aiki da kamfanin a farkon shekarun 1920. Mota yake ɗauka gari-gari, ya tara yara da masu horarwa a makaranta, ya koya musu wasan, sannan a yi maganar takalmi. Koyarwar nan ce ta sayar da shi. A shekarun 1930 aka ɗora sa-hannunsa a facin, amma albashi yake karɓa, ba kaso a kan kowane takalmi ba.

Da shi 'yan Amurka suka buga Olamfik na Balin a 1936. Da shi shahararren ɗan ƙwallon kwandon Amurka Wilt Chamberlain ya ci maki 100 a wasa ɗaya a 1962.

Daga shekarun 1970 takalman fata masu taushin ƙasa suka ƙwace filin, ya koma ƙafar mawaƙa da matasa. Kamfanin ya karye a 2001, Nike ta saye shi a 2003. Ku da kuke wasa a kan siminti, don Allah kada ku yi tsalle da shi, ƙasansa ba ya ɗauke wa gwiwa nauyi.